Bitamin D da Zuciyar Mace Bayan Ɗaukewar Al'ada

Akwai wata ƙwaya da ta samu shiga gidajenmu na birni cikin 'yan shekarun nan, har ta kai tana cikin tsarabar da ɗa ko 'ya kan riƙo wa mahaifiya idan an dawo daga ƙasar waje. Ƙwayar bitamin D ce, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗe da kalsiyam. A da, idan likita ya rubuta ta, lafiyar ƙashi yake dubawa. Yanzu masu talla a kemis da a wayoyin hannu sun ɗora mata ayyuka barkatai, kuma wanda ya fi jan hankalin matan da suka manyanta shi ne cewa tana kare zuciya bayan al'ada ta ɗauke. Adalci ne a faɗa tun da wuri cewa ba 'yan talla suka ƙirƙiro zancen ba. Masana ne suka fara yi mata wannan kyakkyawan zato bisa dalilai masu ƙarfi, sannan suka shafe fiye da shekara ashirin suna gwada zaton a kan dubban mata. Sakamakon ya daɗe da fitowa, sai dai zaton ya riga shi isa kunnen jama'a, kuma har yau shi ke yawo.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa zuciyar mace ke zama abin damuwa a wannan mataki na rayuwa. Yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da ma'ajiyar ƙwai ta rage fitar da sinadarin istirojin. Abin da mace ke ji a jikinta sananne ne: zafin da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufar dare, rashin barci, saurin hasala. Abin da ba ta ji kuwa ya fi haɗari. Mugun kitsen da ke yawo a jini, wanda likitoci ke kira LDL, yakan hau a shekarun da ke kewaye da al'adar ƙarshe, kamar yadda wani dogon bincike na Amurka mai suna SWAN ya nuna bayan bin mata fiye da 3,000 tun daga 1996. Kitsen jiki yakan bar ƙugu da cinya ya taru a ciki, jijiyoyin jini su rage laushi, hawan jini ya samu ƙofa. A 2021 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini ne sanadin kusan kashi 35 cikin ɗari na mutuwar mata a duniya, babu wata cuta da ta kai su. Duk da haka mutane da yawa a wurinmu na ɗaukarsu a matsayin cutar maza. Saboda haka macen da ke neman abin da zai kare mata zuciya a wannan shekaru tana da gaskiya. Abin tambaya shi ne ko ta ɗauko maganin da ya dace.

Shi bitamin D, mafi yawansa ba daga abinci yake zuwa ba. Fata ce ke haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kanta. Jini ya kai shi hanta, hanta ta juya shi zuwa siffar da ake aunawa a ɗakin gwaji, ƙoda kuma ta sake juya shi zuwa siffar da ke aiki. Babban aikinsa, wanda babu jayayya a kai, shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. In ya yi ƙaranci ƙwarai, ƙashin yaro yakan yi laushi ƙafafu su gwame, ƙashin babba ya yi rauni da ciwo, tsokar cinya ta mutu, tashi daga tabarma ya zama aiki. Gwamewar ƙafar yaran biranen Turai masu hayaƙi ce ta sa aka gano shi. A 1919 Edward Mellanby ya nuna a Ingila cewa man hantar kifi na warkar da cutar a jikin karnuka, a 1922 kuma Elmer McCollum a Amurka ya tabbatar sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna.

To me ya haɗa shi da zuciya? Da farko an gano cewa ba hanji da ƙashi kaɗai ke amsa kiransa ba, har da naman zuciya da bangon jijiyoyin jini. A 2002 wasu masana a Jami'ar Shikago suka yi bincike a kan ɓerayen da jikinsu ba ya iya amfani da bitamin D, sai ga ɓerayen da hawan jini da kaurin zuciya, domin wani sinadarin ƙoda mai suna renin, wanda ke ɗaga jini, ya yi musu yawa. Daga nan aka koma kan mutane. A 2008 aka wallafa sakamakon bin mutum 1,739 na garin Framingham a jihar Massachusetts, fiye da rabinsu mata, babu mai ciwon zuciya a cikinsu lokacin da aka fara. Bayan kimanin shekara biyar, waɗanda bitamin D ɗinsu ya gaza nanogiram 15 a kowace mililita ta jini sun fi sauran fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Bincike irin wannan ya yi ta fitowa daga ƙasashe dabam-dabam, akasarinsu da amsa iri ɗaya. Ga kuma hujja ta musamman game da mata: fatar tsoho ba ta haɗa bitamin D kamar ta matashi, ga shi ciwon zuciya na ƙaruwa daidai lokacin da shekaru ke ja. Duk wanda ya jera waɗannan bayanai, zai ga kamar magana ta ƙare.

Amma a tsaya a duba wace ce macen da za a auna a tarar bitamin D ɗinta ya yi ƙasa. Galibi wadda ba ta fita ce, ko don tsufa, ko don ciwon gwiwa, ko don wata jinya da ta zaunar da ita. Galibi mai ƙiba ce, domin bitamin D a kitse yake narkewa, kitsen jiki ya riƙe shi, abin da ya rage a jini ya yi kaɗan. Mai ciwon ƙoda ma haka. Zaman wuri ɗaya da ƙiba da ciwon ƙoda, kowanne shi kaɗai ya isa ya kawo ciwon zuciya ba tare da bitamin D ya sa hannu ba. Furfura ma ai tana tafiya tare da ciwon zuciya: shiga ɗakin masu jinyar zuciya ka ƙirga, masu furfura za su fi yawa, amma wanda ya rina gashinsa bai rage wa zuciyarsa komai ba. Don haka tambayar da ta tsaya wa masana ita ce: ƙarancin bitamin D shi ke jawo cutar, ko kuwa alama ce kawai ta jikin da dama ba shi da lafiya?

Hanya ɗaya ce ke raba wannan gardama. A tara mutane da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa rabi ƙwayar gaske, a ba wa rabi ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a ciki, ba tare da mai sha ko likitansa ya san wacce ce ba, sannan a jira shekaru a ƙirga waɗanda ciwo ya kama a kowane gida. Ƙuri'a ce ke sa masu ƙiba da marasa fita da masu ciwon ƙoda su rabu daidai a ɓangarorin biyu, ta yadda duk bambancin da ya bayyana na ƙwayar ne. Likitanci ya sha ɗanɗana kuɗarsa a kan tsallake wannan mataki, kuma mata ne suka fi jin jiki. Shekara da shekaru ana ba matan da al'ada ta ɗauke musu ƙwayar istirojin da niyyar kare zuciya, saboda an lura masu shanta sun fi lafiya. Da aka zo aka gwada ta hanyar ƙuri'a a kan mata 16,608, sai da aka dakatar da gwajin a 2002 kafin lokacinsa, domin masu shan haɗin istirojin da furojestin sun fi samun bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini da kansar nono. Maganin na da amfaninsa har yau wajen rage zafin jiki da zufar dare ga wadda likita ya ga ya dace da ita, amma ba a ba da shi don rigakafin ciwon zuciya. Haka ta faru da sinadarin da ke cikin karas, wanda aka sa ran zai kare huhu, sai gwajin ƙasar Finlan na 1994 ya nuna ya ƙara kansar huhu ga mashaya taba.

Wancan gwaji na istirojin wani reshe ne na babban shirin binciken lafiyar mata da gwamnatin Amurka ta ƙaddamar a 1991, wanda aka fi sani da WHI. Wani reshen nasa kuma shi ne ya ɗauki batunmu kai tsaye. An ɗebi mata 36,282 da al'ada ta ɗauke musu, 'yan shekara 50 zuwa 79, rabi suna shan kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D awo 400 na ma'aunin IU kowace rana, rabi suna shan ƙwayar da babu komai. An bi su kimanin shekara bakwai. Sakamakon zuciya ya fito a 2007: bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba, ba su kuma ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne tsakuwar ƙoda, da kashi 17 cikin ɗari. Ba a taɓa yin gwajin bitamin D a kan matan wannan rukuni da ya kai wannan girma ba.

Masu goyon bayan ƙwayar ba su karaya ba, kuma sukar da suka yi tana da ma'ana. Suka ce awo 400 ya yi kaɗan, mata da yawa ba su sha ƙwayar yadda aka umarce su ba, kuma an bar na ɓangaren ƙwayar wofi suna sayen tasu a kemis suna sha. Sai aka shirya sababbin gwaje-gwaje da awo mai yawa. A Niyuzilan an ba mutum fiye da 5,000, 'yan shekara 50 zuwa 84, awo 100,000 sau ɗaya a wata ko ƙwayar wofi. Da sakamakon ya fito a 2017, kusan kashi 12 cikin ɗari ne suka kamu da cutar zuciya ko ta jijiyoyin jini a kowane ɓangare, kuma ko a cikin waɗanda suka shiga gwajin da ƙarancin bitamin D ba a ga amfani ba. Bayan shekara guda sai ga gwajin VITAL, wanda Farfesa JoAnn Manson ta Jami'ar Harvard ta jagoranta: mutum 25,871, rabinsu mata 'yan shekara 55 zuwa sama, awo 2,000 kullum, na tsawon fiye da shekara biyar. Wannan gwaji na da muhimmanci gare mu ta wata fuska, domin da gangan aka shigar da baƙar fata fiye da 5,000, waɗanda su aka fi sa ran za su amfana. Bitamin D ya hau a jinin masu shan ƙwayar kamar yadda aka so. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu kuwa suna nan yadda suke. A 2022 aka fitar da sakamakon karayar ƙashi daga wannan gwaji, nan ma babu bambanci, abin da ya ba likitoci da dama mamaki fiye da na zuciyar.

Akwai gwaji guda da masu talla ke son ambata, kuma bai dace a ɓoye shi ba. A Ostireliya an bi mutum fiye da 21,000 'yan shekara 60 zuwa 84, ana ba rabinsu awo 60,000 a wata har shekara biyar. A sakamakon 2023, kashi 6 cikin ɗari na masu shan bitamin D ne suka gamu da babbar matsalar zuciya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 6.6. Bambancin ƙarami ne, bai kai matakin da masu lissafi ke cire shakkar cewa dace ne kawai ba, kuma su kansu masu binciken ba su ce a fara ba mutane ƙwayar saboda shi ba. Yawan mace-mace ma bai ragu ba. Idan aka ɗora shi a sikeli da sauran, ba ya rinjayarsu. Tun a 2019 aka haɗa gwaje-gwaje 21 masu mutum fiye da 83,000 aka duba su a dunƙule, ba a samu raguwar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A 2015 ma an haɗa gwaje-gwaje 46 don ganin ko bitamin D na sauke hawan jini, aka tarar ba ya saukewa. Abin da aka gani a jikin ɓera bai tabbata a jikin mutum ba.

Batun kalsiyam kuma ya fi buƙatar natsuwa, domin yawancin ƙwayoyin da ake saya wa iyayenmu mata a haɗe suke da shi. A 2010 Mark Bolland da Ian Reid na Jami'ar Auckland suka tattara gwaje-gwajen ƙwayar kalsiyam, suka ce tana ƙara haɗarin bugun zuciya da kusan kashi 30 cikin ɗari. Tunaninsu shi ne ƙwaya na ɗaga kalsiyam a jini farat ɗaya, saɓanin abinci da ke sakinsa a hankali. An yi ta musayar yawu a kan wannan, kuma a 2016 wasu ƙungiyoyin masana ƙashi da zuciya na Amurka suka ce matuƙar ba a wuce iyaka ba, babu hujjar cutarwa. Sai kuma a 2024 aka koma kan matan WHI bayan fiye da shekara ashirin, aka ga mutuwa ta dalilin kansa ta ragu da kashi 7 cikin ɗari a ɓangaren masu shan haɗin, mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya ta ƙaru da kashi 6, jimillar mace-mace kuma ba ta canja ba. Gardamar ba ta mutu ba. Amma ko a wane ɓangare mutum ya tsaya, babu mai cewa haɗin kalsiyam da bitamin D na kare zuciya. Wani na cewa ba ya cutar da ita, wani na cewa yana iya yi. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mace ta nemi kalsiyam ɗinta daga kwano kafin kwalba, sai fa in likita ya rubuta mata saboda zaizayewar ƙashi da aka tabbatar.

Ga wata gaskiya da dole a faɗa don kada a wuce gona da iri. Yawancin waɗanda suka shiga manyan gwaje-gwajen nan dama ba su da ƙarancin bitamin D. A VITAL, matsakaicin awon mahalarta ya kai kimanin nanogiram 31 tun kafin a fara, waɗanda ke ƙasa da 20 kuma ba su wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Don haka abin da gwaje-gwajen suka tabbatar shi ne ƙara wa mai isasshe ba ya amfanar zuciyarsa. Macen da ke da ƙaranci na gaske, wadda ƙasusuwanta ke ciwo, cinyarta ta yi rauni, tana buƙatar magani, kuma babu likitan da zai hana ta. Sai dai dalilin ba ta maganin shi ne ƙashi da tsoka, kuma bai halatta a yi mata alƙawarin zuciya a kai ba.

A nan mai karatu na iya cewa: mu da rana ke dukanmu shekara zagaye, ina ruwanmu da ƙarancin bitamin D? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Binciken da aka wallafa a 2012 kan Masai da Hadza na Tanzaniya, waɗanda ke wuni a waje, ya samu matsakaicin awonsu ya kai kimanin nanogiram 46, sama da na yawancin Turawa. Amma rana a sama ba ita ce rana a fata ba. A 2020 masana daga Kenya da abokan aikinsu suka tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, suka ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin uku na ƙasa da nanogiram 20, kusan ɗaya cikin biyar kuma na ƙasa da 12, kuma abin ya fi yawa ga mata da mazauna birni. Baƙar fata na buƙatar lokaci a rana fiye da farar fata kafin ta haɗa adadi ɗaya. Tufafi na tare hasken da ake buƙata, gilashin taga da na mota ma haka. A ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya, inda rana ke da zafi ƙwarai, ƙarancin ya yi yawa a tsakanin mata. Abin lura a wurinmu shi ne gidan gargajiya na Bahaushe ya warware wannan matsala ba tare da an taɓa suturar mace ko mutuncinta ba. Tsakar gida a buɗe take ga sama, a rufe ga idon baƙo, kuma a nan ake daka da wanki da shanya da girki. Wadda ta fi shiga haɗari ita ce ta gidan zamani mai rufi ko'ina, daga ɗaki sai mota, da kuma tsohuwar da ciwo ya kwantar ba a fito da ita. Wannan tsohuwa, a fito da ita tsakar gida ta ɗan sha hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe, abu ne mai sauƙi da ba ya cin ko sisi. Zabiya kuwa hukuncinta dabam ne, ita kare fata daga rana ya wajaba a kanta.

Akwai kuma darasin da ƙasarmu ta koya wa duniya. Likitoci sun daɗe suna ganin yara masu gwamammun ƙafafu a Najeriya duk da wannan rana. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada magani a kan irin waɗannan yara, suka wallafa a 1999 cewa kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, ya fi bitamin D kaɗai warkar da su. Abincin yaran, wanda yawancinsa hatsi ne babu madara, shi ne ba shi da isasshen kalsiyam. Binciken na yara ne, amma uwa da kaka daga tukunya ɗaya suke ci da yaran. Wannan ya sa maganar nono da kindirmo da fura, da miyar kuka da zogale, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, ta fi dacewa da ƙashin matanmu fiye da yadda ake zato. Shi bitamin D ana samunsa a kifi mai maiƙo irin su titus da sadin, da ɗan kaɗan a gwaiduwar ƙwai da hanta.

Hukumomin lafiya ma sun bi inda hujja ta nufa. Tun 2011 babbar cibiyar likitanci ta Amurka ta ce awo 600 a rana ya ishi babba har zuwa shekara 70, daga nan 800, kuma nanogiram 20 a jini ya wadatar da kusan kowa. A shekarar 2011 ɗin kuma ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta ƙasar ta ce a nemi 30, kuma wannan adadi ne ya sa miliyoyin masu lafiya suka karɓi takardar gwaji mai cewa suna da ƙaranci. A 2024 ƙungiyar ta sauya matsayi. Ta daina tsayawa kan wancan adadi, ta ce masu lafiya 'yan ƙasa da shekara 75 ba sa buƙatar ƙari a kan abin da aka ƙayyade, ba sa kuma buƙatar gwajin jini haka siddan. Ta bar shawarar shan ƙwayar ga yara da masu juna biyu da waɗanda suka kai 75 da masu alamun shigowar ciwon suga. Gwajin bitamin D na da tsada a ɗakunan gwajinmu, kuma kuɗinsa zai iya biyan awon suga da na kitsen jini da na ƙoda, waɗanda sakamakonsu ke canja magani.

Kada kuma a ɗauka ƙwayar ba ta da illa don sunanta bitamin. Jiki ba ya zubar da rararta a fitsari kamar yadda yake yi da wasu, tara ta yake yi. Iyakar da aka gindaya wa babba ita ce awo 4,000 a rana, alhali a kasuwa akwai masu awo 10,000 da 50,000 da ake sayarwa babu takardar likita. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan kullum, kalsiyam na iya yi masa yawa a jini, ya kawo amai da ƙishirwa da yawan fitsari da ruɗewa, ya taɓa ƙoda, ya hargitsa bugawar zuciyar da ake son karewa. Haɗarin ya fi kusa ga mai shan wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ko maganin zuciya na digoxin. A 2010 wani gwaji a Ostireliya ya ba tsofaffin mata awo 500,000 sau ɗaya a shekara don rage faɗuwa da karaya, sai faɗuwar da karayar suka ƙaru.

Abin da ya fi damuna a duk wannan zance ba kuɗin ƙwayar ba ne, kwanciyar hankalin ƙarya da take bayarwa ce. Hajiya ta haɗiyi ƙwaya da safe ta ji ta sauke nauyin zuciyarta, ɗanta ya ji ya kyauta, alhali rabon da a ɗaura mata abin awon jini a hannu an manta. Ƙiyasi ya nuna kusan babba ɗaya cikin uku a Najeriya na da hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan rabin masu cutar a duniya ba su san suna da ita ba. A nan hujja ba ta da rauni ko kaɗan. Wani babban nazari na 2021 ya nuna duk maki biyar da aka sauke daga lambar sama ta awon jini na rage manyan matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi goma cikin ɗari. Magungunan rage kitsen jini na aiki ga mata kamar yadda suke yi ga maza. Gishiri kada ya kai giram biyar a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a tuna dunƙulen da muke jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako, ko da zagayen tsakar gida ne ko takawa zuwa Islamiyya, na taimaka wa jini da suga da ƙashi gaba ɗaya. Macen da ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga ko ciwon suga lokacin goyon ciki, ko wadda al'ada ta ɗauke mata kafin shekara 45, haɗarinta ya fi na tsararrakinta, kuma ya kamata ta faɗa wa likita ko da shekara talatin ta wuce.

Sannan a san yadda bugun zuciya ke zuwar wa mace. Nauyi ko matsi a ƙirji shi ne alamar da ta fi yawa, amma sau da dama yakan zo da haki, da tashin zuciya, da zufa mai sanyi, da ciwo a muƙamuƙi ko baya ko hannu, da gajiyar da ba a saba gani ba. A gidajenmu irin wannan akan ce olsa ce ta tashi, a ba da maganin ciki a jira gari ya waye. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe guda, da sarƙewar harshe kuwa alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma sa'o'in farko su ne ke raba mai tashi da mai kwanciya.

Ga 'ya'ya masu son kyautata wa iyaye, roƙona shi ne a canja tsarabar. A saya wa Hajiya na'urar awon jini ta gida a koya mata ko jikarta yadda ake amfani da ita, a riƙa rubuta lambobin a littafi. In an ga 140 bisa 90 ko sama da haka fiye da sau ɗaya, a kai ta asibiti, in an ɗora ta a kan magani a tabbata bai yanke ba ko da ta ce ta ji sauƙi. A auna mata suga da kitsen jini. Ƙwayar bitamin D da ke kan madubinta kuma a ɗauka a tafi da ita wurin likita, ya duba awonta da sauran magungunan da take sha, ya faɗa ko ƙashinta na buƙatarta.